Yaya zan fitar da rahoton awannin da kowane ma'aikaci ya saka kullum a kan kowane aiki a Jira?

Bakatsine_PM
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tawaga ce ta mutum 9 a kan Jira Cloud, manhajar bin ayyuka ta kamfanin Atlassian inda kowane aiki yake da tikitinsa, kowa yana saka lokacinsa ta Log work a tikitin da ya yi aiki. Abin da ake nema a wajena duk Litinin tebur ne guda: sunayen ma'aikata a gefe, ƙarƙashin kowane suna tikitocin da ya taɓa, ranakun mako a sama, kowane gida da awanninsa. Time Tracking Report na cikin Jira jimillar tikiti kawai yake ba ni, ba ya rabawa mutum-mutum balle rana-rana. Na gwada JQL, harshen binciken Jira, da worklogAuthor da worklogDate, tikitocin sun fito, amma akwai wanda Time Spent ɗinsa ke nuna awa 61 a mako guda, abin da ba zai yiwu ba. Ina matsalar take? Kuma akwai hanyar da ba sai an sayi ƙarin manhaja ba?

Injiniya_Sabo
Wa alaikumus salam. Lambar nan daidai take, ba ita kake nema ba ne kawai. JQL tikiti yake nemowa, ba ya nemo shigarwar lokaci ɗaya-ɗaya. Idan ka rubuta

worklogAuthor = wane AND worklogDate >= "2025-03-03" AND worklogDate <= "2025-03-07"

ka ce masa ne ya kawo tikitocin da aka saka wa lokaci a wannan makon. Da ya kawo su, Time Spent zai nuna duk abin da aka taɓa zubawa a tikitin tun ranar da aka buɗe shi, na kowa da kowa. Awa 61 ɗin na mutum uku ne ko huɗu, wataƙila na wata biyu.

Teburin da kake so ba ya ginuwa daga jerin tikiti. Daga jerin worklog, wato shigarwar lokaci, yake ginuwa, kowace shigarwa layinta, ɗauke da abu huɗu: wane ne, wane tikiti, wace rana, daƙiƙa nawa. In ka samu wannan jerin, sauran aikin Pivot Table na Excel ne na minti biyar. Duk shawarar da za a ba ka a nan, hanya ce ta samo wannan jerin.

Dan_Damagaram
Ƙari a kan maganar Injiniya: ka duba ko kolum ɗin da kake kallo Time Spent ne ko Σ Time Spent. Mai alamar Σ yana haɗawa da na ƙananan tikitocin da ke ƙarƙashin babban. In ka fitar da uwa da 'ya'yanta tare ka tara wannan kolum, ka ƙirga awannin 'ya'yan sau biyu.

UmmuKhalifa
Hanyar da ba kuɗi ba kod, ga ta. Bayan JQL ɗin ya kawo tikitocin, danna Export ka zaɓi CSV mai dukkan filaye, ba mai filayen da ke kan allo ba. In ka buɗe za ka ga kolum mai suna Log Work ya maimaitu sau da yawa, gwargwadon tikitin da ya fi yawan shigarwa. Kowane gida yana ɗauke da bayani;rana;mutum;daƙiƙoƙi, an raba da alamar ; ɗin.

Kada ka buɗe fayil ɗin da danna sau biyu. Shiga Excel, Data, From Text/CSV, Transform Data, ka shiga Power Query. Daga nan:
1. Ajiye Issue key da Summary da dukkan Log Work, watsar da sauran.
2. Zaɓi Issue key da Summary, danna Unpivot Other Columns. Yanzu kowace shigarwa ta samu layinta. Tace ka cire layukan da babu komai.
3. Raba kolum ɗin da alamar. Amma daga dama, sau uku, ba daga hagu ba.
4. Mayar da rana ta zama Date zalla, daƙiƙoƙi ka raba da 3600.
5. Tace ranakun makon da kake so, domin CSV ɗin ma duk tarihin tikitin yake kawowa.

Sai Pivot: mutum da tikiti a Rows, rana a Columns, awanni a Values. Mako mai zuwa sabon fayil kawai za ka ɗora a mazaunin tsohon ka danna Refresh.

Yaro_Mai_Kod
Hajiya me ya sa daga dama?

UmmuKhalifa
Saboda bayanin da ma'aikaci ya rubuta shi ne a farko, kuma ba abin da ya hana shi saka alamar ; a ciki. Wani ya rubuta "gyaran shafin biya; gwaji", in ka raba daga hagu sai "gwaji" ya faɗa gidan rana, rana ta faɗa gidan mutum, layin ya lalace ba tare da Excel ya ce uffan ba. Ukun ƙarshe kuwa ba sa canza wuri.

Malam_Tsare
Hanyar Hajiya tana aiki, amma ka shirya wa abu ɗaya. A Jira Cloud gidan mutum ba suna za ka gani ba, accountId ne, doguwar lamba haɗe da haruffa. Tun 2019 Atlassian suka daina amfani da sunan shiga a Cloud saboda dokar kare bayanai ta Turai. Don haka ka yi ƙaramin tebur daban, accountId a hagu suna a dama, ka haɗa da Merge Queries ko XLOOKUP. Mutum 9 ne, sau ɗaya za ka yi. In sabon ma'aikaci ya shigo ba a ƙara shi ba, awanninsa za su taru ƙarƙashin suna fanko, to ka riƙa leƙa ƙasan Pivot ɗin.

Yaro_Mai_Kod
Ni dai ina ganin API, wato jawo bayanan daga Jira kai tsaye da kod, ya fi tsafta. Token daga id.atlassian.com, imel da token a matsayin shaidar shiga, sai ka yi binciken JQL ɗin ta API ka ce ya haɗo da filin worklog. Layi talatin na Python an gama.

Injiniya_Sabo
Ƙanina a nan mutane da yawa ke faɗawa rami. In ka nemi filin worklog ta cikin bincike, shigarwa 20 kawai yake haɗowa a kowane tikiti. Tikiti mai shigarwa 12 zai fito daidai, mai 45 zai fito da gibi, kuma ba saƙon kuskure. Duba total da maxResults a cikin amsar za ka gani. Kuma tikitocin da suka wuce 20 su ne manyan ayyukan da aka fi damuwa da su.

Hanya biyu ce. Ko kowane tikiti ka kira /rest/api/3/issue/lambar-tikiti/worklog daban, kana bin shafuka har ƙarshe. Ko, in kullum za ka riƙa ja, ka yi amfani da waɗannan ukun:

/rest/api/3/worklog/updated?since= da lokaci a milisakan. Yana ba da lambobin shigarwar da aka ƙirƙira ko aka gyara tun daga lokacin, 1000 a shafi. Ka bi nextPage har lastPage ya zama true, ka adana until don jan gobe.

/rest/api/3/worklog/list, POST ne, ka tura lambobin, iyaka 1000 a kira ɗaya. Shi ke ba da cikakken bayani. Ka lura issueId yake bayarwa, ba lambar tikitin da ido ya saba da ita ba, sai ka fassara.

/rest/api/3/worklog/deleted. Wanda ya manta da wannan, teburinsa zai ci gaba da riƙe awannin da aka riga aka goge.

In kana son bayanin da ma'aikaci ya rubuta a matsayin rubutu zalla, kira api/2. A api/3 bayanin yana zuwa a nannaɗe cikin JSON mai hawa-hawa.

Zongo_Kumasi
Ba wanda ya taɓo maganar agogo, kuma ita ce ke sa jimillar rana ta ƙi daidaita alhali jimillar mako daidai take. Kowace shigarwa tana da created, updated da started. Started ita ce ranar aikin. Created ranar da mutum ya zauna ya rubuta ce. In ka gina tebur a kan created, wanda ya cike makonsa duka ranar Juma'a zai fito da awa 40 a Juma'a, sifili a sauran.

Started ɗin ma tana zuwa da bambancin lokaci a wutsiyarta. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi UTC+1 ne, Ghana UTC ce cif, Sudan UTC+2. Mai aiki a Kano ya fara aiki 12:30 na daren Talata wayewar Laraba, a UTC 11:30 na daren Talata ne. In kod ɗinka ya yanke haruffa goma na farko na started ya ce ga rana, ya dogara ne da agogon da amsar ta zo da shi, ba na ma'aikacin ba. Ku tsayar da agogo ɗaya na rahoto, misali Africa/Lagos, a mayar da komai kansa kafin a yanke rana. Kowa kuma ya duba Time zone a asusunsa na Atlassian.

Bakatsine_PM
Na gode ƙwarai. Na bi matakan Hajiya UmmuKhalifa, teburin ya fito. Sai dai mutum biyu awanninsu ƙanana ne sosai, 0.03 da 0.05, alhali sun ce sun saka 2 da 3.

Dan_Damagaram
Minti 2 da minti 3 suka saka. Idan mutum ya rubuta lamba ba harafi, Jira yana ɗaukar Default unit, kuma in admin bai taɓa shi ba minti ne. 2 raba 60 shi ne 0.03 ɗinka. Su gyara zuwa 2h da 3h. Admin ya shiga saitin Time tracking ya mayar da shi awa, tunda hankalin mutane awa yake kai wa.

A wurin kuma za ka ga 1d awa 8 ne, 1w kwana 5, wato awa 40. Jira daƙiƙa yake ajiyewa, 1d ya zama 28800. In daga baya aka canza yini ya koma awa 7, tsofaffin daƙiƙoƙin ba sa motsi, yadda ake nuna su ne ke canzawa, sai tsohon 1d ya koma 1d 1h. Shi ya sa a rahoto a bar kwana da mako, a tsaya a awa.

Hajiya_Akanta
Daga ɓangaren lissafi, abu biyu. Na farko 1.30 ba awa ɗaya da rabi ba ce, awa ɗaya da minti 18 ce. Ɗaya da rabi 1.5 ce, ko 1h 30m. Ku zaɓi salo ɗaya a rahoton. In kuna son salon 1:30, raba daƙiƙoƙin da 86400 ka ba gidan tsarin [h]:mm. In ba ka saka h ɗin a baka mai kusurwa ba, Excel yana komawa sifili duk bayan awa 24, jimillar awa 38 ta fito 14:00.

Na biyu cikon minti. In ana cajin kwastoma a kan kwata-kwatan awa, kada a cike kowace shigarwa ita kaɗai. Shigarwa shida na minti biyar-biyar rabin awa ne. A cike kowacce zuwa 15 sun zama awa ɗaya da rabi. A tara na mutum a kan tikiti a rana tukuna, sannan a cike jimillar sau ɗaya. Kuma a bar ainihin lambar a kolum ɗinta, ranar da kwastoma ya yi gardama ita za a nuna.

Oga_Scrum
Ni tambayata daban ce. Me za a yi da teburin? In don cajin kwastoma ne ko don rahoton masu ba da tallafi, babu ja. In kuwa don a ga wa ya cika awa 8 ne, to daga ranar da ma'aikata suka gane haka kowa zai riƙa cika 8 cif, kullum, har ranar da wuta da intanet suka ɗauke rabin yini. Teburin zai yi kyau a ido, amma ba za ka ƙara sanin ainihin abin da aiki ke ci ba, ƙiyasin gaba kuma a kan ƙarya za a ɗora shi. Mai rubuta kod da ya yi awa 5 zuwa 6 a kan tikiti ya yi cikakken yini, sauran taro ne da amsa saƙo da duba aikin wani.

Malam_Tsare
Oga ban ƙi taka ba, amma maganin ba daina rahoto ba ne. A ba sauran lokacin wurin zama. A buɗe tikitoci na dindindin: taro, duba aikin abokin aiki, horo, hutu da rashin lafiya, tsaikon wuta ko intanet. Su zauna a wani project daban don kada su gurɓata lissafin kwastoma. In babu su mutum zai ɗora awa biyun taro a kan tikitin da ya fi kusa da hannunsa. Sai dai a riƙa rufe su duk wata ana buɗe sababbi, in ba haka ba tikiti ɗaya ya tara dubban shigarwa, buɗe shi ma ya zama aiki.

Oga_Scrum
Tikitin "tsaikon wuta" shi zai zama juji, Malam. Duk awar da ba a san inda ta tafi ba can za a zuba ta.

Malam_Tsare
Gara a zuba ta can a gan ta, da a ɓoye ta cikin aikin da za a caji wani.

Yar_Yerwa
Ga masu aiki da ƙungiyoyin agaji zancen ba na zaɓi ba ne. Kuɗin gwamnatin Amurka yana ƙarƙashin ƙa'idar 2 CFR 200.430, wadda ke neman albashin da aka ɗora wa tallafi ya dogara da bayanan aikin da aka yi a zahiri, ba kason da aka rubuta a kasafi ba. Don haka wanda albashinsa ya rabu tsakanin tallafi biyu, dole takardarsa ta nuna dukkan lokacinsa, ba na tallafi ɗaya kawai ba. Abin da masu bincike ke fara dubawa: awanni a ranar da rajistar hutu ta ce mutum ba ya nan, kaso iri ɗaya sak kowane wata, da gyaran da aka yi bayan an sa hannu. Na ƙarshen nan shi ne raunin Jira zalla, ba shi da rufe wata. Duk mai izinin Edit Own Worklogs zai iya komawa watan jiya ya canza lamba, rahoton da ka tura ya daina daidai da abin da ke cikin manhaja.

Injiniya_Sabo
Gaskiya ne 'yar uwa. Abin da za a iya ba tare da sayen komai ba: ranar da aka rufe mako a adana kwafin jerin worklog ɗin da kwanan wata, kada a sake taɓa shi. Ta API kuma kowace shigarwa tana da updated da updateAuthor, to duk wadda updated ɗinta ya wuce ranar rufewa a fitar da ita a jerin gyare-gyare. Edit All Worklogs da Delete All Worklogs kuma a bar wa mutum ɗaya ko biyu. Rufewa ta gaske da amincewar shugaba sai irin su Tempo Timesheets, manhajar da ake saya a ƙara wa Jira.

Dan_Damagaram
Kafin a sayi Tempo a san abu biyu. Manhajojin Marketplace, kasuwar Atlassian, a Cloud ana biyansu ne a kan adadin masu amfani da Jira ɗin gaba ɗaya, ba waɗanda ke saka lokaci kawai ba. Mutum 9 ne tawagarka, amma in kamfanin yana da mutum 60 a Jira, na 60 za a biya, kuma da dala. Na biyu, lokacin da aka saka ta Tempo yana bayyana a Jira da sunan manhajar Tempo ɗin a matsayin mai shigarwa, ba sunan ma'aikacin ba. Ma'ana hanyar CSV ta Hajiya UmmuKhalifa da worklogAuthor duk sun daina raba mutane, sai ka koma rahoton Tempo ko API ɗinsu. Ba aibi ba ne tunda rahotonsu yana ba da teburin da ake nema kai tsaye, amma duk abin da ka gina a Excel sai an sake shi.

Buzu_Linux
Duk wannan wahalar a Redmine, wata manhajar bin ayyuka daban da Jira, danna uku ce. Spent time, Report, ka ƙara User da Issue, ka zaɓi Days, ga teburin, ga CSV a ƙasa. Yana karɓar ma'auni har uku. A saiti kana iya ƙayyade iyakar awannin da mutum zai saka a rana, ka hana saka lokaci a ranar da ba ta zo ba, ka tilasta rubuta bayani. Kyauta ne, tun 2006 yake. Kuɗinsa shi ne saba (server) da mai kula da ita.

Yaro_Mai_Kod
GitLab ma /spend 1h 30m 2025-03-04 a cikin sharhi, in ka yi kuskure /spend -30m. Azure DevOps ne ba ya yi sam, Completed Work lamba ɗaya ce da ake sake rubutawa, ba rana ba mutum.

Hajiya_Akanta
Ba a ce ya yi ƙaura ba jama'a, tebur ya tambaya.

UmmuKhalifa
Mu dawo kan teburin. Malam Bakatsine akwai abin da Pivot ba zai taɓa nuna maka ba: wanda bai saka komai ba. Ba shi da layi a jerin, don haka ba ya fitowa, in duk tawagar ba su saka ranar Laraba ba kolum ɗin Laraba ma ɓacewa yake. Yi shafi na biyu da hannu, sunaye 9 a gefe, ranaku a sama, kowane gida fomular SUMIFS a kan suna da rana. Nan sifili zai fito ɓaro-ɓaro. Sa launi: sifili ja, sama da 10 ruwan ɗorawa. Sama da 10 yawanci agogon da aka bari yana gudu ne, ko shigarwa biyu na aiki ɗaya saboda intanet ya tsaya mutum ya sake danna Save. Na biyun gane shi ba wuya: mutum ɗaya, tikiti ɗaya, started ɗaya, daƙiƙoƙi ɗaya.

In za ka auna da awannin da ake tsammani, kada ka rubuta 8 a cikin fomula. Sa layi a sama mai awannin kowace rana. Juma'a ba ɗaya take da Talata ba a yawancin ofisoshinmu, azumi wasu na rage lokaci, hutun Sallah kuma sai ya matso Gwamnatin Tarayya ke sanar da ranakun, ba kalandar manhajar da za ka dogara da ita.

Yar_Yerwa
Kuma a kula da wanda ake tura wa. Tebur mai suna da awannin mutum da ranakun rashin lafiyarsa bayanan mutum ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023. Kwastoma a ba shi jimillar tikiti ko ta muƙami. Mai sunaye ya tsaya wajen shugaban tawaga da akanta, ba zauren WhatsApp na ofis ba.

Bakatsine_PM
Shafin SUMIFS ya yi. Jimillarsa ta yi daidai da Pivot, amma ta gaza abin da mutum ɗaya ya ce ya saka da awa 4. Na buɗe tikitocinsa na ƙirga da hannu, nawa ne daidai da abin da nake gani. Shi kuma ya turo hoton allonsa, awa 4 ɗin suna nan.

Injiniya_Sabo
Biyu ne. Ko ya taƙaita ganin shigarwar ga wani rukuni ko muƙamin da ba ka ciki, akwai ɗan makulli a wajen rubuta bayanin. Ko tikitin yana project ɗin da ba ka da Browse Projects a kansa, ko an sa masa matakin tsaro. Export da API duk da idonka suke gani, abin da asusunka bai isa ba ba ya fitowa kuma ba a gaya maka. Duba lambar tikitin a hoton da ya turo ka liƙa ta a burauza. In ya ce ba ka da izini, na biyun ne.

Zongo_Kumasi
Ko na uku, started ɗin ta faɗa daren Lahadi. JQL ɗin da aka ba shi a sama daga 3 ga wata ya fara. Malam Bakatsine faɗaɗa shi da kwana ɗaya gaba da baya ka sake fitarwa, tacewar ranaku ka bar wa Power Query. Wane agogo ne a asusun mutumin?